Kawu, Wanda Ya Yanke Waya da Rana Tsaka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na sha faɗar wannan a kan mamatan wasu, amma ban san nauyinta ba sai ranar da na faɗe ta a cikin tiram, jirgin cikin gari, ina kan hanyar zuwa aiki a Villeurbanne, tsakanin mutanen da ba su san me nake cewa ba. Autan Kawu ne ya kira ni a salula. Ko gaisuwa bai yi ba. Ya ce, "Yaya, Papa est parti." Sannan ya sake faɗa da Hausarsa ta ɗan da aka haifa a nan: "Baba ya tafi."

Kawu yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya tarbe ni lokacin da na zo karatu Lyon, a falonsa na kwana kafin in samu ɗaki, kuma shi ne uban da nake da shi a ƙasar nan.

Kafin in isa Saint-Fons, unguwar Kawu, takalma sun cika bakin ƙofar gidan har sun gangaro matakala. Liman yana zaune kusa da taga yana cewa, "Bawan Allah ne mai gaskiya, sai dai gaskiyarsa ba ta san kwana ba." Wata tsohuwa ƴar Damagaram ta ce, "To, yau dai kunnuwanmu sun huta da labarin waya." Tana rufe baki ta ja lulluɓi ta rufe fuska, ta yi kukan da ba wanda ya iya rarrashinta. Tsoffin abokan aikinsa na masana'antar sinadarai sun zo, wani ɗan Aljeriya da wani ɗan Fotigal mai sanda, suka tsaya da hula a hannu. Ɗan Fotigal ɗin ya ce da ni, da Faransanci, manyan masana'antar sun fi tsoron shirun Kawu a kan ihun sauran ma'aikata.

Da yamma ƴan ƙasarmu mazauna Paris suka iso. A cikinsu akwai waɗanda suka daɗe ba sa gaisawa da shi. Su suka zauna daf da ƙofa, suna ta jan casbi, ba su ɗaga ido sun dubi Inna, matar Kawu, ba.

Mutum ɗaya ne bai shiga falo ba. Wani tsohon Bafulatani ne, dogo, siriri, da muke kira Baffan Ruga. Ya zauna a ƙasa a bakin madafa, ya ƙi ruwa ya ƙi abinci. Da na durƙusa na yi masa gaisuwa sai ya ce, "Ɗiyata, yau na zama maraya da furfura a kaina."

Na zauna rubuta wannan ne saboda jikokin Kawu ba su san shi ba sai a matsayin tsoho mai tari da ke noman tumatir. Kuma saboda tun a zaman makoki na ji wani yana cewa ai marigayi rikicin manoma da makiyaya ne ya kore shi daga gida. Da Kawu na raye da ya tashi tsaye. Babu maganar da ya tsana kamar wannan.

Tungarmu tana can arewa, inda gonaki ke ƙarewa daji ya fara. Kakanmu da ƙannensa suka haƙa rijiyar da hannunsu, gidaje ƴan kaɗan suka kewaye ta. Gero da wake da ƴan awaki, ke nan dukiyarsu. Fulani masu ƙananan garkuna kan bi burtali su wuce arewa da damina, su sauko bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki, mata su yi musayar nono da hatsi. Kawu bai taɓa cewa zaman ba rigima ba. "Ana faɗa mana," in ji shi. "Saniya ta shiga gona, a zagi juna, a je gindin gawo a yanke ɓarna, a sha fura a watse. Harshe da haƙori ne."

Sai wani attajirin birni ya zo, Alhaji mai shanun da ba a ƙirgawa sai dai a ƙirga masu kiwonsu. Ya haƙa rijiya mai inji, ya ce hukuma ta ba shi dajin. Manyan motoci suka sauke ƙarafa da waya mai ƙaya. Abu na farko da wayar ta cinye shi ne burtali. Da Fulani suka sauko a waccan shekarar, gero bai gama nuna ba, suka tarar da hanyar kakanninsu a rufe, ga masu gadi da bindiga. Shanu na kukan ƙishirwa, ba gabas ba yamma sai gonakin mutane. Suka faɗa. Aka fito da sanduna da adduna, aka yi kare jini biri jini. Da ƙura ta lafa, babban yayansu Kawu yana kwance cikin kunyar gona, kansa a fashe.

Bayan an binne shi samarin tunga suka ɗauki kwari da baka za su je su ƙone ruga. Kawu ya tare hanya, jinin yayansa bai bushe a rigarsa ba. Ya ce, "Ni aka kashe wa ɗan'uwa, ba ku ba. Wanda zai je ruga sai ya bi ta kaina. Wa ya rufe burtali? In kun isa maza, ga shi can, ku je." Ba wanda ya je ko'ina. Wasu suka kira shi matsoraci, har da danginsa.

Damina ta gaba wayar ta ƙara tafiya. Ta haɗiye rabin gonaki, ta haɗiye maƙabartar da kakanmu da yayan Kawu suke kwance. Ranar wata kasuwa, maza duk sun tafi, aka cinna wa rumbuna wuta. Aka jefa mushen jaki a rijiya. An kai ƙara, an dawo, an sake kaiwa. Mutane suka fara ɗaure kaya a kan amalanke.

Kawu ya je maƙera ya ari awartaki. Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, rana na tsakiyar ka, ya je ya fara yanke wayar daga wannan ƙarfe zuwa wancan, masu gadi na kallonsa. Da suka ƙaraso ya faɗa musu sunansa da sunan ubansa, ya ci gaba da yanka. Suka ɗaure shi a jikin ƙarfe suka yi masa dukan da ya bar masa yatsu biyu a karkace har mutuwarsa. Jandarmomi suka tafi da shi kaso. Da ya fito, tunga ta zama kufai, kakarmu ta rasu a ɗakin aro a cikin gari. Daga nan ya bi hanyar arewa, ya yi leburanci a ƙasashen Larabawa, har ƙafa ta kawo shi Saint-Fons.

Na taɓa tambayarsa, "Kawu, me ya hana ka bari sai dare? Ai da ba su kama ka ba."

Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce, "Ɓarawo ke aikin dare. Ni gonar ubana na buɗe."

A garkarsa ya ba ni yawancin labarin nan. Wani ɗan fili ne kusa da hanyar jirgin ƙasa, cikin filayen da ake raba wa tsoffin ma'aikata, inda in iska ta juyo sai ka ji warin masana'antu har maƙogwaro. Dokar ƙungiyar masu garkar ita ce kowa ya kewaye nasa da ragar waya. Kowa ya kewaye, Kawu ya ƙi. Zomaye suka yi ta cinye masa salati. Shugabar ƙungiyar, wata tsohuwar Baturiya mai faɗa, ta zo ta tsaya a kansa ina wurin. Ta ce doka ce, ba ita ta yi ta ba. Kawu ya jingina da hauyarsa ya ce da ita, da Faransancinsa na masana'anta, "Madam, ki kore ni in kin ga dama. Amma hannun nan ba zai kafa waya a ƙasa ba." Ya nuna mata yatsun. Ta tambayi abin da ya same su, ya faɗa mata a taƙaice. Ta juya ta tafi. Shi kuma ya shuka yakuwa a kan iyakarsa, layi guda, kamar yadda ake yi a gida. Ba a sake ta da maganar ba, kuma duk kaka sai ya tsinko ganyen Inna ta yi miya ya kai wa Madam a kwano. Zomaye kuwa ba su fasa ba. In na yi masa dariya sai ya ce, "Zomo cikinsa kawai yake ci. Bai taɓa cewa garkar tasa ce ba."

Ba mai sauƙin zama ba ne, kada in yi masa ƙarya don ya mutu. In ya fara labarin waya ba ya duban ko biki ake ko suna. Ba ya karɓar shawara. Ya kan tsayar da mahauci ya tambaye shi daga ina saniyar ta fito kafin ya sayi nama, layi na jira a bayansa. Inna kan ce, "Malam, don Allah saniyar Faransa me ta yi maka?" Shi kuma ya ce yana dai so ya sani.

Rigimarsa da mutanen Paris a gabana aka yi ta, shekarata ta farko a nan. Wani ɗan ƙasarmu mai shago a Goutte d'Or ya yi taron suna, Kawu ya tafi da ni a jirgin ƙasa don in ga mutane. Muna shiga muka tarar an yi layi ana gaida wani baƙo, tsoho mai babbar riga fara da baƙin tabarau, wanda aka ce ya zo Paris ganin likitan ido. Kawu ya tsaya cak. Na ji numfashinsa ya canza. Alhajin nan ne mai waya.

Mai gida bai san komai ba, ya kamo hannun Kawu ya kai shi gaba yana cewa ga dattijonmu na Lyon. Alhaji ya miƙo hannu. Kawu ya mayar da nasa biyun baya.

Alhaji ya ce, "Malam, daga wane gari?"

"Garina yana cikin wayarka, Alhaji."

Wani ya raɗa wa Alhaji magana a kunne. Ya gyara zama, ya yi murmushi irin na manya, ya ce, "Allahu akbar. Malam, abin da ya wuce ai ya wuce. Duk mun tsufa. A yafi juna."

Kawu ya ce, "Ba a neman gafarar akuya tana ɗaure a turkenka. Ka buɗe burtali, ka bar mutane su koma rijiyarsu. Ranar nan ni zan zo da ƙafata in roƙe ka gafarar wayar da na yanke."

Aka yi caa a kansa. Wani ya ce ya kunyata mai gida, wani ya ce baƙo ne kuma ba shi da lafiya, wani ya ce ina ruwan Paris da rigimar daji. Kawu ya juya ga mai gida ya ce, "Allah ya raya yaro, ya sa mai jin ƙan iyaye ne." Ya kama hannuna muka fita, ko ruwa ba mu sha ba. A jirgi ya sayo mini burodi da cuku, yana ta tambayata jarrabawa. Daga ranar rabin mutanen Paris suka daina kiransa. Bai taɓa nuna ya damu ba.

A wannan unguwar ta Goutte d'Or ya haɗu da Baffan Ruga, tun kafin in zo. Baffa ne ya ba ni labarin da bakinsa, a bakin madafa, ranar makoki. Ya ce yana gasa masara a bakin tashar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, cikin sanyi, ba takardar zama ba wurin kwana tsayayye, sai wani ya tsaya a gabansa yana kallon tsagar fuskarsa. Ya kira sunan rugarsu. Baffa ya ɗaga kai ya gane Kawu ne.

"Na so in gudu," in ji Baffa, "ƙafata ta ƙi. Na ce masa, ranar da yayanka ya faɗi ina wurin, da sanda a hannuna. Ban san ko tawa ce ta same shi ba. Ya ce, na sani. Sai ya ce, shanunka nawa suka rage? Na ce ko ɗaya. Ya ce, to kashe wutar nan mu tafi."

Ya kawo shi Saint-Fons. Inna ta ce sam, ba za ta dafa wa wanda ya yiwu shi ya kashe yayan mijinta ba. Kawu bai yi musu da ita ba, ya shiga madafa ya ɗora tukunya da kansa. Da ta ga yana neman ƙona mata gida ta karɓe ludayin. Baffa ya yi hunturu guda a falon nan har aka samo masa aiki wurin wani mahauci. Daga baya in Kawu da Inna suka saɓa, Baffa ake kira ya sasanta.

Huhu ne ya ci Kawu. A asibiti, ranar da likita ya daina ɓoye mana, ya sa aka kira mu, ni da Inna da ƴaƴansa. Ya ce, "Ku kai ni kusa da babana da yayana."

Inna ta ce, "Malam, ai wurin yana cikin waya."

"Na sani."

Autansa, wanda sau ɗaya tak ya taɓa zuwa Nijar yana yaro, ya fashe. Ya ce da Faransanci ƙasar da ta karya masa yatsu ta kore shi ba ta cancanci gawarsa ba, ga maƙabartar Musulmi nan kusa inda za su riƙa ziyartarsa. Kawu ya bari ya gama. Ya cire abin numfashi daga bakinsa ya ce, "Ba ƙasa ta kore ni ba, mutum ne. In kuka binne ni a nan, ya gama cin nasara." Autan ya fita ya bar ɗakin. Da ya dawo idonsa ja, ya ce shi zai raka gawar.

Alhaji ya riga Kawu rasuwa, ɗansa ke riƙe da shanun yanzu. Labari ya kai masa, sai ga shi ya kira ana tsakiyar zaman makoki. Aka sa salular a fili don Inna ta ji. Ya yi ta'aziyya mai kyau, da ladabi, ba zan hana shi wannan ba. Ya ce ya ji wasiyyar marigayi, ya ba da izini a shiga a binne shi, za a buɗe babbar ƙofa, kuma ya ware bajimi guda don sadaka.

Mutanen Paris suka fara "Madalla, madalla, Allah ya saka." Inna ta ɗaga hannu. Matar da tun safe muryarta ba ta fita, ta ce, "Ɗana, mun gode da gaisuwa, Allah ya ba da lada. Bajiminka ka riƙe. Naman da ya yi ƙiba da ciyawar kabarin surukina ba zai zama sadakar mijina ba. Izini kuma, ba a neman izinin shiga gidan uba." Ta miƙa mini salular ta ce in kashe.

Jana'izar a salula muka gan ta, mu mata, a falon Saint-Fons, autan yana riƙe da tasa a can yana nuna mana. Ban san mutanen tungarmu suna da yawa haka ba. Sun fito daga garuruwan da suka watsu, tsofaffi a kan amalanke, jikoki a kan babura. Fulani ma sun zo da malafunansu, ƴaƴan waɗanda aka yi faɗan da su. An buɗe babbar ƙofa kamar yadda aka yi alkawari, wakilin ɗan Alhaji na tsaye a bakinta yana jira. Masu ɗauke da makara suka wuce shi ba su ko waiwaya ba. Suka bi gefen waya cikin rana, tafiya mai nisa, ana karɓa-karɓa, har inda tsohon burtali yake. Nan suka tsaya. Ƙanin Kawu, wanda shi ma ya tsufa, ya ciro awartaki daga aljihu. Hannunsa ya kasa. Wani saurayi Bafulatani ya karɓa ya yanke wayar sama, ya miƙa wa autan Kawu. Hoton ya karkace, muka ga sama, muka ga ƙasa, muka ji ƙarar waya ta tsinke, muka ji kabbara.

Masu gadi biyu sun biyo su da bindiga. Da aka tayar da salla, ɗaya ya jingine bindigarsa a jikin ƙarfe ya shiga sahu.

Lokacin da aka fara mayar da ƙasa, Inna ta miƙe tsaye a tsakiyar falo, cikin kayan takaba, ta rangaɗa guɗa. Mata suka firgita. Matar liman ta ce, "Subhanallahi, Hajiya, mutuwa ce fa!" Inna ta ce, "Ba mutuwa nake wa ba. Tun kafin in aure shi mutumin nan yake kan hanya. Yau ya shiga gida." Sannan ta zauna ta yi kukanta. Baffan Ruga, da ke leƙe daga bakin ƙofa, ya juya fuskarsa ga bango.

Ba zan ce an yi nasara ba, don Kawu ba ya son a ƙara wa magana gishiri. Washegari jandarmomi suka kira ƙaninsa. Duk wanda ya taɓa makarar ya bi shi, Hausawa da Fulani, suka cika farfajiyar, kowa na cewa shi ya yanke. Kafin la'asar aka sallame su. An gyara wayar. Ba a mayar mana da gona ko ɗaya ba, rijiyar kakanmu na nan a bushe, burtali na nan a rufe.

Amma masu gyaran waya su sani, muna da sabon kabari a ciki, kuma mu mutane ne masu ziyarar matattunmu. Autan ya dawo Lyon fuskarsa ta ƙone da rana, ya ce kafin ya baro tsofaffin tunga sun riga sun sa ranar komawa yin addu'a, kuma ba wanda ya yi maganar babbar ƙofa.

Allah ya ji ƙanka, Kawu. Ya yafe maka zafin harshenka, ya karɓi gaskiyarka, ya yalwata maka makwancinka iyakar ganin ido. Mu da ka bari, Allah ya hana mu miƙa hannu inda ka mayar da naka baya.